Rana ta Ƙofar Baya

Na zo Dubai ne bayan rasuwar maigidana da 'yan shekaru. Wani kawuna mai safarar leshi da atamfa ne ya yi mini hanya a wani kamfanin kargo, saboda na karanta Larabci a jami'a, kuma ina jin Turanci daidai gwargwado. Da safe ina zaune a ofis a Al Khabaisi, da rana kuma in bi fatakenmu na Kano cikin Murshid Bazaar, in yi musu tafinta, in tsaya har a ɗaure kayansu a rubuta suna a jikin kowace dila. 'Yata tana firamare a lokacin, na baro ta a hannun mahaifiyata.

A kasuwar na haɗu da matar da na zauna a gidanta. Ita ma tafinta ce, amma a ɓangaren 'yan Caina masu sayar da takalma da jakunkuna a sari. Gajeriya ce, ta doshi sittin, gashinta a yanke, kullum da ƙaramar lema a hannu. Sau da yawa mukan sami kanmu a shago ɗaya, ita a gefen mai kaya, ni a gefen Alhaji, maganar ta fito daga yaren Caina ta bi ta Turanci kafin ta isa Hausa, sannan ta koma ta hanyar da ta zo. Idan ciniki ya yi tsami, Alhaji ya ce "halas", wato shi ke nan da Larabci, ya miƙe kamar zai tafi, sai mu kalli juna ni da ita, don mun san zai dawo. Fatake suna ce mata Madam. Ni Anti nake kiran ta. Ita kuwa ta ji ana ce wa kowace mace Hajiya, sai ta liƙa mini, ko da yake na gaya mata ban taɓa zuwa Makka ba.

Wata rana muna jiran a kawo kaya daga sito, na yi mata ƙorafin ɗakin da kamfani ya ba mu, inda muke kwana gado bisa gado, ba wurin shimfiɗa sallaya sai an ture akwati. Ta ce tana da ɗaki da babu kowa a ciki. Kafin ƙarshen watan na koma wajenta.

Gidan yana hawa na uku a wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda mai kallon bayan wani otal. Ranar da na shiga, na tarar ta ware mini tukwane da wuƙa da katakon yanka na daban, ta kuma ce ta daina kawo naman alade gidan. Ban roƙe ta ba. Na yi godiya, na shiga jera kayana. Na juya gadon yadda idan na kwanta a hannun dama fuskata za ta kalli alƙibla, kamar yadda na saba tun ina yarinya.

Da na dawo aiki washegari, sai na ga an matsar da gadon ya koma jikin wani bangon. Raina ya ɓaci, amma ban nuna ba. Na tambaye ta ko ruwa ne ya zubo daga na'urar sanyaya ɗaki. Ta ce a'a, ƙafafuna ne suka saita ƙofa, kuma a wajensu gawa kaɗai ake kwantarwa haka, don da ƙafa ake fitar da ita. A nan na fara jin sunan abin da take yi, feng shui, wanda ta fassara mini da iska da ruwa. Ta ce ilimi ne na tsara gida yadda alheri zai shigo ya zauna: ina ƙofa za ta kalla, ina za a sa murhu, ina za a ajiye ruwa.

Na ce mata, "Anti, mu a wajenmu lafiya da arziki na Allah ne, ba na gado ba ne. Ki bar mini ɗakina yadda na jera shi."

Ta ba ni haƙuri. Muka kama gadon tare muka mayar, sai dai ta roƙe ni in ɗan janye shi gefe kaɗan yadda ƙafata za ta kauce wa bakin ƙofa. Na ga hakan bai hana ni kallon alƙibla ba, na yarda. Daga ranar ba ta sake taɓa ko tsinke a ɗakina ba.

Falon kuwa nata ne, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Akwai jan kifi a cikin kwalba, da tsiron gora a kofin gilashi, da madubi zagayayye, da wani jan ƙyalle. Yau kifin yana kusa da taga, bayan mako biyu ya koma bayan ƙofa. Ni dai na ɗauki abin a matsayin camfi, irin na tsofaffinmu da ke hana shara da magariba, ban damu ba.

Ba mu cika hira ba da farko. Kowa ya dawo a gajiye, ya shige ɗakinsa da wayarsa. 'Yarta tilo tana aure a Ostareliya, can gari yana riga mu wayewa, saboda haka muryar tata 'yar nake ji da asuba ta cikin bango. Tawa kuma sai ta taso daga Islamiyya, lokacin nan an yi isha'i. Haka muka zauna a tsakiya, ita tana bin agogon gabas, ni ina bin na yamma. Abin da ya fara fito da mu falo tare shi ne miyar kuka. Na daka daddawa ina jin kunyar warin, sai ta leƙo kicin tana shinshina, ta ɗauko wata kwalba ta buɗe mini. Baƙin wake ne da suke ruɓarwa da gishiri, ƙamshinsa kusan ɗaya da na daddawarmu. Ta ci tuwon shinkafa da cokali a daren, ta ƙara.

A irin wannan zaman ne na gane ba a Caina aka haife ta ba, ba ta ma taɓa zama can ba sai ziyara. A Johannesburg ta tashi. Mahaifinta ya je can yana saurayi daga kudancin Caina, ya buɗe kanti, da ya sami hali ya gina gida. Ta ce a ƙasar iyayensa gida mai kyau kudu yake kallo, saboda ta kudu rana take bi, iskar sanyi kuma daga arewa take zuwa, sai a ba ta baya. Kudu wuta ce, arewa ruwa. Haka aka koya masa, haka ya gina. Ya sa ƙofar gaba da manyan tagogi suna kallon kudu, ya ajiye kicin da wurin shanya a baya.

Amma Johannesburg tana ƙasan layin da ya raba duniya biyu, kuma a can rana ta arewa take bi. Falon da ya kashe wa kuɗi bai taɓa ganin rana ba lokacin sanyi. Ta ce suna yara da rigunan sanyi suke zama a ciki, bangon yana tsatsafo da danshi. Mahaifiyarta ba ta yi gardama da shi ba. Ta dai ɗauki kujerarta da keken ɗinkinta ta kai ƙofar baya, inda rana ke faɗowa kan dakalin kicin. Sannu a hankali yara suka bi ta, baƙi ma suka koma shigowa ta baya. Shi kaɗai ya rage a falo da jaridarsa da bargo a gwiwa. Har ya rasu yana cewa allurar kamfas mai nuna arewa da kudu ba ta san ka ƙetare teku ba, kudu kudu ce ko'ina ka je.

Na tambaye ta wane ne ya fi gaskiya a cikinsu. Ta ce tambayar da ta sa kifin nan ba ya zama wuri ɗaya ke nan. Masana abin ma sun rabu. Wasu sun ce idan ka sauka rabin duniya na kudu sai ka juya komai, wuta ta koma arewa, ruwa ya koma kudu, tun da rana da damina da rani duk sun juya. Wasu sun ce ba da rana kaɗai ake lissafin ba, da ƙasa ne da taurari, kuma waɗannan ba sa juyawa don mutum ya yi ƙaura. Ita a gidan mijinta tsarin mahaifiyarta ta bi. Da ya rasu ta zo Dubai, ta dawo sama da layin, sai ya zama dole ta sake juya abin da ta riga ta juya. Ta ce wani lokaci takan tsaya a tsakiyar falon nan da madubi a hannu, ta rasa a wace ƙasa take.

Maganar ta zauna mini. Na tuna kakata, wadda ta hana a buɗe wa ɗakinta ƙofa ta gabas, saboda ta can hadarin damina yake tasowa ya yi wa mutum feshi har kan gado. Ita ba ta kira shi ilimi ba. Na yi tunanin da za a ɗauke ta a kai ta ƙasar da ruwa ke zuwa ta yamma, ko za ta sake shawara, ko kuwa za ta ce haka ta gada.

Shekara ta zagayo, 'yar tata ta sami ciki. Kafin wannan ta yi ɓari har sau biyu, don haka Anti ba ta yi murna a fili ba, sai tsoro. Ita da mijinta kuma suka sayi gida a wajen gari, suka aiko mata da zanen ɗakunan. Ta buga shi a takarda ta shimfiɗa a teburin cin abinci. Daga nan muka koma cin abinci da faranti a cinya.

Kullum idan na dawo ina tarar da ita a kan takardar, da tabarau da fensir. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa. Ɗakin da ya dace da jariri a tsarin mahaifinta shi ne mafi muni a tsarin mahaifiyarta. Ta nemi wani masani a Hong Kong ta waya, ya ce kada a juya komai. Ta nemi wata mata a can Ostareliya, ta ce duk wanda bai juya ba bai san inda yake zaune ba. Ta rame. A kasuwa ma hankalinta ba ya jikinta. Na taɓa jin ta fassara wa wani Alhaji launin da ba shi mai kaya ya faɗa ba, na gyara a hankali ba tare da kowa ya lura ba.

Wata Juma'a da yamma na idar da la'asar a ɗaki, ƙofa a buɗe, na ga tana tsaye tana jira in shafa addu'a. Ta tambaye ni ko a garinmu ma wannan bangon nake kallo, wato yamma.

Na ce a'a. A Kano gabas muke kallo, har ma idan an ce mutum yana kallon gabas, ana nufin mai salla ne. Na ba ta labarin sallata ta farko a garin nan, a masaukin da kawuna ya sauke ni. Na duba inda rana ta fito, na shimfiɗa ɗankwali na tayar da kabbara. Sai da na sallame na ɗaga kai na ga kibiya a jikin silin tana nuna bayana. Na ba Makka baya ban sani ba. Na sake sallar, amma na daɗe jikina yana gaya mini a karkace nake. Har kwanciya ta juya. A gida idan na kwanta a dama ina kallon alƙibla kaina kudu yake, a nan kuwa arewa.

Ta ce, "To ke kin juya ke nan, Hajiya."

Na ce, "Ni na juya, amma ɗakin da nake nufa yana nan inda yake. Namu wuri ɗaya ne, kowa ya neme shi daga inda ya tsaya."

Ta kalli sallayar. Can ta ce nawa mai sauƙi ne, tun da na san abin da nake nema. Ita ba ta sani ba ko rana mahaifinta yake bi, ko kuwa ƙauyensu da ya baro. Ban ga ya dace in yi mata wa'azi a lokacin ba. Na naɗe sallayar, na dafa mana shayi.

Bayan 'yan kwanaki, da sassafe ina shirin fita, na ji muryar 'yar tata ta ɗaga a waya. Ba da niyya na saurara ba, gidan ne ƙarami. Da Turanci take magana, tana kuka. Tana cewa ta gaji da saƙon a matsar da gado, a rataye wannan, a cire wancan. Ta ce ita ba zane ta aiko don a duba mata ba, ɗakin da ta ware wa uwarta take so ta gani, ga shi nan a kusurwa, an ma rubuta a jiki. Sai wayar ta katse.

Na fito na same ta zaune a gaban takardar. Ta nuna mini kusurwar da yatsa. Ta ce ta ga rubutun tun ranar farko. Tsoro take ji. A nan tana da aiki, 'yan kasuwa suna neman ta, ta san bas ɗin da za ta hau. A can za ta zama tsohuwa a gidan suruki, ba mai jin yarenta sai 'yarta, ita ma rabi-rabi.

Na zauna kusa da ita da jakata a kafaɗa. Ban san lokacin da na ce mata ba, ni da za a ce mini ga ɗaki kusa da 'yata, kuma abin da za mu ci ba zai yanke ba, ko takalmi ba zan tsaya nema ba. Na tashi na fita don kada in makara. A cikin jirgin ƙasa na yi ta jin haushin kaina, don na san idan ta tafi ni ce zan rasa.

Ta ɗauki kusan wata biyu tana shiri. Ta ajiye aiki, ta nemi biza, ta raba kayanta. Kifin ta ba wa wani mai shagon takalma, gorar kuma ta kai wa matar mai gadin benen. Takardar zanen ban san inda ta yi da ita ba, na dai dawo wata rana na ga teburin a share, da faranti biyu a kai. Na tambaye ta wane tsari ta tsayar. Ta ce ba ta tsayar ba tukuna. Idan ta isa za ta ɗauki kujera ta zauna a kowane ɗaki, safe da yamma, ta ga inda rana ke shiga da inda iska ke kaɗa labule, sannan ta san abin da za ta ce, idan an tambaye ta.

Ni na raka ta filin jirgi. Ba mu saba rungumar juna ba, don haka muka tsaya muna gyara igiyar akwati da ba ta kwance ba. Ta ce in riƙa cin abinci a kan tebur, kada in ci a tsaye. Na ce Allah ya kai ta lafiya, ya sauki 'yarta lafiya. Ta ce amin, yadda ta ji muna faɗa.

Gidan ya fi ƙarfina ni kaɗai, amma akwai sauran watanni kafin haya ta ƙare, sai na zauna. Ban taɓa sanin firji yana da ƙara haka ba. Da asuba nakan farka ina jiran murya ta cikin bango, sai in tuna. Ɗakinta na bar shi a rufe. Ranakun hutu nakan hau kwalekwalen da ke ƙetare ruwan Deira, in je wancan gefen in dawo, ba don ina da abin yi a can ba.

An haifi jaririn lafiya, namiji. Ta aiko mini da hoto, tana riƙe da shi a wata baranda, ta ƙanƙance ido saboda haske. Na tambaye ta a wane ɗaki aka sa gadonsa. Ta aiko da saƙon murya tana dariya, ta ce a ɗakin uwarsa yake kwana, a jikinta ma, babu wanda ya nemi shawararta. Ta ce ana sanyi a can lokacin da mu muke ƙonewa a nan, jikinta ya tuna da yarinta. A bayan muryarta ina jin kukan wasu tsuntsaye da ban sani ba.

Mun ci gaba da gaisawa na ɗan lokaci. Daga kowane mako ya koma kowane wata. Idan na rubuta tana barci, idan ta amsa ina cikin kasuwa da hayaniya. Daga baya saƙona ya daina shiga, ina jin ta canja lamba ne. Ban san sunan unguwarsu ba, ban kuma taɓa karɓar lambar 'yarta ba. A shagunan 'yan Caina wani saurayi ne ya maye gurbinta, wanda rabin fassararsa da waya yake yi. Fatakenmu sun yi ta tambaya ta ina Madam mai lema, har suka daina.

Da haya ta ƙare na koma unguwar Satwa, wani gida da nake rabawa da ma'aikatan jinya 'yan Filifin. Mutanen kirki ne, sai dai aikinsu na karɓa-karɓa ne, wani lokaci sai in yi kwanaki ban ga fuskar kowa ba, takalma kawai a bakin ƙofa. A ƙasan benen akwai shagon wani tela ɗan Pakistan, dattijo, wanda ba mu wuce sallama da shi.

Ƙaramar salla ta same ni a nan. Na je idi na dawo, na dafa shinkafa da miyar kaza kamar mai jiran baƙi. 'Yata ta kira tana so ta nuna mini ɗinkinta, ta tsaya a tsakar gida tana juyawa, hoton yana tsayawa yana tafiya, na ga hannun riga, na ga ɗaurin ɗankwali, ban ga duka ba kafin layin ya yanke. Na zuba abincin a kwano na sauka da shi wajen telan. Ya miƙe tsaye ya karɓa da hannu biyu. Da yamma na ji an ƙwanƙwasa, na buɗe ban ga kowa ba, sai kwanon a ƙasa, an wanke shi, da alewar madara a ciki an rufe da takarda. Na ɗauka na shiga, na ajiye wa ma'aikatan jinyar rabonsu a firji.